Ka Ba Rana Baya

Kawu Jatau ya rataya mini ita a wuya
ran wata Asabar, a shagonsa na Ƙofar Ƙaura.
Igiyar ta girmi kyamarar,
tana warin zufar shekara talatin.
Ya ce, "Tanimu, nauyinta ba a wuya yake ba.
Za ka gane."

Karatun farko: ka ba rana baya.
Na biyu: manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura,
sannan ka latsa.
Latsawa na ce, ba duka ba,
ba ta ci bashinka ba.

Ya kamo kyanwar maƙwabta ya shiga da ita zaure,
ya ce in dubi idonta: ya buɗe, baƙi wuluk.
Ya fito da ita tsakar rana:
ya tsuke kamar tsagar aska.
"To, rabin karatun ke nan.
Saura ƙiftawa.
Mai gudu, ƙifta masa da sauri,
na zaune kuwa, ina za shi?"
Kyanwa ta yakushe shi ta yi gaba.

Kwana tara ina sare wa mutane ƙafafu.
Na tsiro wa wani tela turken lantarki a ka.
Gobarau ta fito a karkace
kamar jiri ya ɗebe ta.
Kawu ya kai hoton dab da hanci,
don idonsa ya yi yana,
ya yi dariya har da tari.

Sai muka kama hanya,
mu huɗu a kujerar baya, na biyar buhun albasa.
Mashi ta wuce ta taga, ban kama ko jelarta ba.
A Daura muka kwana ɗakin abokinsa baduku,
cikin warin jima da bagaruwa.
Ana sallame Asuba ya taɓa ni:
"Tashi, hasken nan ba ya jiran shayi."
Da gaskiyarsa.
Akwai ɗan taƙi kafin hantsi
da katangar laka ke komawa zuma,
har akuya sai ta yi kwarjini.

Ba ya ganin abin da nake ɗauka.
Kunne yake kasawa.
"Ka yi nawa, na ji a ƙararta.
Sake."

Lahadi, kasuwar Mai'adua.
Na auna wata tsohuwa mai daddawa,
ta daka mini tsawa: "Kai, wa ka tambaya?"
Kawu bai tare mini ba.
Ya tsuguna ya sayi ta ɗari biyu,
suka gaisa, suka taɓa jikoki,
ciwon gwiwa, tsadar kalwa,
ni ina tsaye kamar tabarya.
Da za mu tashi ta ce,
"Fuska dai a'a. Ga hannuwa."
Ta shimfiɗa su a kan faifai,
duk tsaga, kamar fadama ta ƙafe.
Har yau ban ɗauki abin da ya fi su ba.

A hanyar komawa barci ya sace shi,
kansa jingine da taga,
rana na gangarawa ta bayan kunnensa.
Mutumin da ya tsayar da rabin unguwa gaban labule,
angwaye, maniyyata, 'yan makaranta,
ba shi da nasa
in ba na katin shaida ba.
Na manna gwiwar hannu. Na riƙe numfashi.
Na karya karatun farko.

Babu ido a ciki, babu baki.
Inuwa ce kawai:
hula, karan hanci, tsinin gemu,
da wuta a gefensu.

A Ƙofar Durɓi na miƙa masa.
Ya kai dab da hanci, ya daɗe.
"Wane ne wannan?"
Na ce, "Wani ne a mota."
Ya ce, "Ka ba rana fuska, sakarai."
Ya miƙo mini, ya laluba takalminsa.
Har ya sa ƙafa a ƙasa
ya ce, ba tare da ya waiwayo ba,
"Kar ka goge."