Kunnen Makanike

A Panteka da kunne aka san ni.
Mota ta shigo tana tari, kafin a ɗaga bonet
na faɗa wa mai ita: fulogi ne, ko famfon mai.
Shekara ashirin da biyu ke nan
ina cin tuwo da sauraron ƙara.

Amma ga Nazifi a tsakar gidana,
ya cika huɗu, ko Baba bai taɓa cewa ba.
In na kira shi, kamar da bango nake.
Maƙwabta su tayar da janareto kuwa,
sai ya toshe kunnuwa ya durƙusa,
ihu kamar wanda maciji ya sara.

Notocin da ke maƙalewa a aljihuna
su ne abokansa.
Ya jera su a bakin rariya, ƙarami zuwa babba,
ka gusar da ɗaya, ranar ba mai barci.
Barira ta leƙo daga kicin ta ce,
Malam, yaron nan ba ya shiga yara.

Inna ta ce nauyin baki gadonmu ne.
Wanzami ya ce linzami ne, ya yanka.
Wata ta ce iska, muka yi hayaƙi har labule ya yi baƙi.
Kowa da ransa likita ne,
ni kuwa aljihu ya rame, ba abin da muka tara.

Ranar da muka haye gada zuwa Barnawa
nesa da ƙofar asibitin na ajiye mota,
kada wani kwastoma ya gan ni.
Kunyar wannan har yau tana cina.

Dakta Talatu ba ta ɗauko allura ba.
Takalmi ta cire, ta zauna a ƙasa,
ta hura kumfar sabulu tana kallon idonsa.
Yana nuni da yatsa? Yana kawo muku abu ku gani?
Ta aika mu gwajin ji, aka ce kunne garau.
Zuwa uku muka yi, tana tambaya tana rubutu,
kafin ta ce: galahanga.
Na ce, to wane ƙarfe za a canza?
Nawa ne kuɗin gyara?

Ta yi shiru, sannan ta ce,
Malam Ɗanlami, ba mota ka kawo mini ba.
Ba laifinka ba ne, ba na mahaifiyarsa ba.
Duniya ce ke shigar masa da ƙarfi.
Ba ni da ƙwayar da za ta kwance bakinsa,
akwai dai hanya, doguwa ce,
kuma gara da yau muka fara.

Yanzu duk Laraba na rufe gareji da hantsi,
mu je wajen mai koyar da magana.
Hotuna a jikin ƙofa: kofi, buta, tabarma.
Kalma biyu, ba goma ba.
Ka faɗa, ka yi shiru, ka ƙirga goma a zuci.
Ni da ke wa yaran shago tsawa kan minti ɗaya,
ga ni a aji ɗaya na makarantar jira.

Akwai makon da komai ke rushewa.
Ya ciji hannunsa, Barira ta yi kuka a banɗaki
ta fito ta ce albasa ce.

Jiya bayan la'asar ina ƙarƙashin tsohuwar Fijo a ƙofar gida,
na miƙa hannu ina laluben sifana.
Sai na ji ƙarfe mai sanyi a tafina,
lamba sha biyu, ita nake nema.
Bai dube ni ba. Taya yake kallo.
Ya ce, noti.

Ba Baba ya ce ba.
Na kwanta a nan, baƙin mai na ɗiga a goshina,
na ƙi motsi, na ƙirga goma,
ko akwai saura.