Fangalin Kwamanda Nomau

Shekara talatin da ɗaya cikin kaki,
Agadas, Dirku, Madawela,
sannan ya dawo Badagishiri da akwatin ƙarfe guda
da gwiwar da ke gaya masa hadari na tafe.

Mun zaci zai zauna gindin bedi yana ba da labari.
Bai bayar ba.
Hauya ya nema, ya gina rijiya gaba shida,
ya ja igiya, ya jera fangalin albasa
kamar kuratan da za a duba da asuba.
Wanda ya karkace sai a sake.
Ni na sake har sau uku, ina ƙunƙuni.

Kowane fangali da sunansa:
Shaibu, Agali, Ɗan Tani, Iliya ƙarami.
Na daɗe ban gane ba,
ashe yaran da ya baro ƙarƙashin rairayin arewa
su yake shayarwa kowace safiya.

Lambobin girmansa na cikin gwangwanin madara
tare da baƙin iri.
Na tambaye shi, ya ɗebo irin a tafin hannu:
"Wannan ne ke tsirowa."

Ya rasu saura sati biyu a cire.
Sojoji suka zo daga barikin Tawa, takalma na ƙyalli,
suka sara wa makara,
suka juya kafin la'asar.

Mu muka cire, buhu arba'in da bakwai.

Bana ni na ja igiyarsa. Layin ya ɗan karkace,
babu mai cewa in sake.
Na ƙara fangali guda bakin rijiya,
shi nake fara ba ruwa.