Ƙudan Zuma a Jakar Tafiya

Hamajoda, kada ka ɗauko mini wancan.
Na san shi, na san danginsa kaf.
Irinsa ne bara, a shingen Mora,
ya farka cikin jaka ba da izinina ba,
yana gurnani tsakanin atamfa da kwalbar turare.
Jandarma ya ja da baya taku uku,
ya ce kowa ya sauko.
Mutum goma sha takwas cikin rana tsaka,
har da tsohuwa mai ciwon gwiwa,
suna kallo ina kwance ƙullin kaya
don in fito da abin goge haƙori.
Direba bai ƙara ce mini uffan ba har Kusiri.

To yau a natse zan zaɓa.
Jera su nan kan gilashi.

Wannan mai gindi kamar turmi,
sai an girke shi jikin bango ya kwana yana shan wuta.
Wane bangon?
Ɗakin da nake sauka a Njamena
soket ɗaya ne, mu shida,
kowace da wayarta a hannu tana jiran layi
kamar bakin famfo.
Mayar da shi. Na masu zaman gida ne.

Wannan kuma batir yake ci.
Na yi kiwon tocila shekara da shekaru,
na san halin batir:
ranar da ka fi bukatarsa, ranar yake suma.

Wancan siririn fa, na bayan sabulu?
Miƙo.
Ashe bai fi alƙalami tsawo ba.
Ga murfi mai 'yan huji don kansa ya sha iska,
ba zai kwana da lema ya tashi da wari ba.
Igiyar cajin wayata ta shige shi daidai.
Kuma ba ya tashi da taɓawa ɗaya,
sai an danne shi an ƙirga uku.
Wannan ya san kunya.

Ka ce caji ɗaya, wata guda?
Ni ma 'yar kasuwa ce, na raba maganarka biyu.
Sati biyu. Ya kai ni, ya dawo da ni Garwa.

Ba gayu ya kawo ni ba, daina murmushi.
Likita ce ta leƙa bakina ta girgiza kai,
ta ce, Hajja Dudu, dasashi ba gindin tukunya ba ne,
kina dirza shi har jini.
Riƙe kawai, bar inji ya yi aikinsa.
Ni da ban taɓa barin wani ya ƙulle mini kaya ba,
yau an ce in sassauta hannu.

Jaka goma sha biyu?
Haƙora ne a bakina, Hamajoda, ba shanu ba,
biyu ma sun riga ni yin ritaya.
Takwas. Ka ɗora kan canji guda, gyara.
Allah ya sa albarka.

Jibi war haka ina bakin Logon,
ana jiran a buɗe gada,
buta a hannun hagu, ƙudan zuma a kumatu.
Wani yaro mai tallan ƙwai zai tsaya ya zuba mini ido,
ba zan iya kora shi ba, baki cike da kumfa.

Aswakin da na saba sokewa a gefen jaka
yana nan inda yake.
Mahaifina da irinsa ya yi Fotlami a ƙafa,
ya rasu yana tauna rake.
Su tafi tare, aljihu ɗaya.
In ƙaramin ya gaji a hanya,
babban ba ya tambayar soket.