Mai Riƙon Lakile

Aikina a rumfar Gamkalle ba ƙira ba ne,
ban taɓa ɗaga guduma ba.
Lakile huɗu a zare ɗaya a wuyana,
kaye mai shuɗin bango,
da alli rabin yatsa.

Motocin ba su da suna tukuna.
Injiniya Tankari ya ce ba a yanka rago
sai jariri ya kwana bakwai,
sai na zana musu lamba a ƙofa:
Ɗaya, Biyu, Uku.
Ta Huɗu ko ƙofar ba ta samu ba,
a goshi na rubuta mata.

Da asuba nake fito da su bi da bi.
Ɗaya sai Seyni da yaransa sun sa kafaɗa,
ta yi tari uku, ta tofar da baƙi, sannan ta yarda.
Uku tana jan hagu
kamar akwai mai bin ta bashi a dama.
Lisansi da kwalba nake aunawa,
wanda ya dawo mini da tanki a bushe
ya zo da baki mai kyau.

Fasinjojinmu buhunan yashi ne daga bakin gulbi,
shida a baya, ɗaya a gaba.
Ba sa cinikin kuɗin mota,
ba sa cewa direba sauke ni a nan.

Ranar da aka ce Biyu ta je Tawa ta dawo,
damina ta yi tsakiya.
Nomau a sitiyari, ni da kaye a cinya.
Doso ta wuce lafiya.
A Dogonduci jandarma ya zaga ta sau biyu,
ya ce wace ƙasa ce ta haifi wannan?
Nomau ya ce bayan gidanku.
Ya yi dariya, ya ɗaga igiya.

Muna hango Badagishiri sai wani abu ya ce ƙas
a ƙarƙashin ƙafata.
Ta durƙusa cikin jan taɓo, ba ko sallama.
Na duba agogo, na rubuta.
Wani manomi ya kwance shanunsa daga garma,
su suka ja mu har inuwar gawo,
matarsa ta aiko da fura,
yara suna ta leƙa fuskarsu a madubi.

Kwana uku kafin kamiyo ya maido mu Yamai.
Na shiga kaina a sunkuye.
Tankari ya karɓi karyayyen ƙarfen da hannu biyu,
ya juya shi, ya shinshina,
fuskarsa kamar an yi masa albishir.
Ya ce gara ta karye da yashi a ciki.

Ba a sayar da motar gwaji, daga baya na sani.
An zare wa Biyu moter aka ba ta Biyar,
fitilunta suka tafi wurin ta Shida,
saura gangar jiki a bayan rumfa,
kazar mai gadi tana kwanci a mazaunin Nomau.

Da magariba ina ƙirga lakile kafin in rufe ƙofa.
Lissafi yana fin motoci da ɗaya.
Seyni ya ce in jefar.
Na ce to,
gobe.