Ƙarfen Ma'azu

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da falsafa
a lise, ajin ƙarshe, masu jiran bak.
Alli ya cinye mini zanen tafin hannu.
Cikin manhaja akwai wani Bajamushe,
mai ciwon kai, mai gashin baki kamar buroshi,
wanda ya rasu bai san sunan Damagaram ba.
Nakan taƙaita shi a allo da layi biyu:
mutum bai gama dahuwa ba,
shi ne tukunyar, shi ne wutar,
kada ya jira wani ya hura masa.
Yara su kwafa. A kaɗa ƙararrawa.

Ma'azu ne kaɗai bai kwafa ba.
Ya dube ni kamar na faɗi inda aka binne kuɗi.

Ya faɗi bak. Ya koma Kara-Kara.
Can ya samo ƙarfen gindin tsohuwar mota,
ya cika gwangwani biyu da siminti,
kullum kafin asuba yana ɗagawa,
yana ƙirga da haƙora a cije,
har kafaɗunsa suka yi kama da duwatsun Birni
waɗanda suka hau juna ba su faɗo ba.

Wani dare ya same ni a teburin mai shayi.
Ya miƙo waya, gilashinta a tsage.
"Mushe, dubi jikokin mutuminka."
Wasu Turawa ne, baƙaƙen riguna, kyandir,
kan bunsuru a jikin bango.
"Sun ce ba su yarda akwai Shaiɗan ba.
Sunan kawai suka ara,
don shi ne farkon wanda ya ƙi durƙusawa.
Kowa ubangijin kansa. Mai rauni ya kauce.
Ba haka ka rubuta mana ba?"

Shayi ya huce a hannuna.
Na yi a'uziyya a zuci, a baki na ce:
wanda na koya maka da kansa yake kokawa,
waɗannan kuwa kansu suke yi wa kirari.
Mai haye dutse daban, mai zama a gindinsa
yana sayar da hoton ƙololuwa daban.
Ya yi dariya. "Malaman zaure ma sun ce a yaƙi son rai.
To wa ya ci gadon wa?"
Ban amsa ba. Na biya shayi biyu.

Sai bazara ta zo, famfo ya yi shiru kwana tara.
Bido ɗaya ya kai dala sittin.
Na fita neman ruwa da tsakar rana
na hango kura tana hawa tudu,
bido goma, mutum ɗaya a bayanta,
jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.
Ya tsaya ƙofar Barira,
tsohuwar da cuta ta bar wa dungu a madadin yatsu.
Randarta gajera ce, a binne rabi cikin ƙasa.
Ba a cika ta a tsaye.
Na ga gwiwar nan biyu sun taɓa ƙasa,
ruwa yana shiga da ƙara kamar ana magana.

Ya ɗago, ya gan ni, ya ɓata rai.
"Motsa jiki nake yi, Mushe. Kada ka sa ni a darasi."

Ban sa shi ba, sai yau.
Har yanzu hoton bunsurun yana cikin wayarsa,
an ce kuma yana zuwa Juma'a, sahun baya, kusa da takalma.
Ni da na rubuta layi biyun nan sau goma sha ɗaya
ban iya barin sigari ba.
Gobe da ƙarfe takwas ina da aji.
Ban san abin da zan ɗora a allo ba.