Lambobi Sittin

An ɗauke wuta tun azahar a Gadarif.
Na zauna bakin shagon Babikir, inda janareta ke tari,
wayata na shan caji cikin 'yan'uwanta goma sha ɗaya,
ƙamshin sabon riɗi na tasowa daga buhunan kasuwa.

Mahasin ta kira daga Jidda.
Ta ce, Yaya, kafin ka sake turo takardar gonar nan,
shiga sunana, nemi inda aka zana kwaɗo.
Na ce, wane kwaɗo kuma, damina ta wuce?
Ta yi dariya, irin ta Inna sak,
wadda ke farawa a hanci kafin ta sauko baki.

Na taɓa. Lambobi suka zubo,
sittin, biyar-biyar, kamar kunyoyin da aka ja da igiya.
Ta ce karanta, ina duba nawa.
Huɗu, tara, sifili, bakwai, bakwai.
Haka yake.
Biyu, biyu, takwas, ɗaya, shida.
Haka yake.
A layi na tara na yi tuntuɓe, na kira uku a madadin takwas,
ta yi shiru, har na ji ƙarar fankar ɗakinta,
na goge gilashin da bakin riga, na sake.
Haka yake, Yaya.
Teku tsakaninmu, amma babu kunne na uku.
Abin da ya fita bakinki a ƙulle yake tafiya,
ba ya kwancewa sai a kunnena.

Babikir bai ɗago daga wayar da yake fiɗa ba.
Ya ce, kun rufe ƙofar zaure,
ta bayan gida fa?
Duk hirar da kuka yi, cikin dare ake kwashe ta
a kai wani rumbu da ba ku taɓa gani ba,
kuma rumbun nan, sai mai shi ya sa masa sakata.

Na san abin da ke cikin rumbun.
Muryar Inna ce, saƙo arba'in da ɗaya.
A na ƙarshe tana tambaya ko na ba lemun tsakar gida ruwa,
ta yi tari, ta ce ba komai,
ta manta ba ta kashe ba,
minti biyu ana jin tana neman takalminta.
Wannan ba na baƙo ba ne.

Ya nuna mini hanya da ɗan yatsa mai baƙin mai:
nan, sai nan, sai ka kunna.
Amma ji, in ka manta kalmar da ka sa,
ba ni, ba masu manhajar,
babu maƙerin da zai fasa maka.
Kuma kada ka ruɗu, in ji shi,
mai bindiga a shingen hanyar Madani
in ya ce buɗe, wannan ba ya hana shi.
Na ce na sani. Kowace ƙofa da ɓarawonta.

Na daɗe ina kallon gurbin da babu komai.
Ba ranar haihuwa ba. Ba sunan Rumaisa 'yata ba,
wannan ko makwabci zai canka.
Sai na tuna abin da Inna ke kirana
in na dawo da ƙafa duk taɓo,
sunan da ko Mahasin ba ta riska ba.
Na rubuta shi, na haɗa da kuɗin buhun riɗi
a shekarar da ta rasu.

Layin ya fara rarrafe.
Talatin cikin ɗari. Sittin da biyu.
Janareta ya shaƙe, ya farfaɗo.
Ɗari.

Da magariba na rubuta kalmar a ƴar takarda,
na naɗe, na cusa a tandun kwallinta,
sannan na ɗebi ruwa bokiti guda
na nufi gindin lemun.