Gammon Kunne

Wata bakwai ina tara kuɗin,
jikka bisa jikka cikin gwangwanin madara.
Barira ta ce, "Kunne biyu gare ka kamar kowa,
me za ka zuba musu na jikka ɗari uku?"
Na yi shiru. Mai son abu ba ya iya lissafi da baki.

Kaske uku Mutari ya jera mini
a shagonsa, bayan kasuwar Dole.
Na farko ya matse ni kamar hular aro.
Na biyu ya kumbura ganga har ta haɗiye goge.
Na uku bayansa a buɗe, raga kamar rariya,
ina ɗora shi sai ɗakin ya faɗaɗa:
ga mai kalangu can hagu, taku uku daga bango,
ga numfashin mai algaita kafin ya busa.
Ban taya ba.
Mutari da kansa ya ji kunya, ya rage mini biyar.

Sai bazara ta sauko kan duwatsun Damagaram.
Ashe abin da ya rufe matashin ba fata ba ce,
ya fara saɓa kamar maciji,
baƙin ɓarɓashi a gemu, a wuyan riga,
zufar da ta taru a kunnena
ta fi abin da pampo ya ba mu ran nan.

Na musanya da na karan-miski.
Laushi kam, kamar kumatun jinjiri,
kunne ya sha iska, amma iska ta sami ƙofa:
ganga ta rame, kalangu ya koma bugun ƙwarya,
kiɗa ya zama miya ba daddawa.

Ran Alhamis na shiga lungunan Birni
wurin Baba Nomau baduku.
Ya juya abin, ya latsa, ya shinshina,
ya ce, "Wannan ai gammo ne.
Wane kaya kake ɗauka da kunne?"
Ya ture fatar akuya gefe,
"Taurin kanta bai fita ko bayan jima."
Ya zaɓi ta tunkiya, ya murza ta kan gwiwa,
ya sa basilla ya huda ciki kaɗai,
waje ya bar shi a toshe.

Ɗinkin farko ya yi kauri,
mawaƙi ya koma ƙasan rijiya.
Na mayar. Ya rage faɗin ƙwayar dawa.
Na biyu ya zauna a bayan kunnena
ba tare da ya danne sandar tabarau ba,
yana ƙamshin bagaruwa.

Da dare, da kuran ya dawo,
na ɗauko kaset ɗin nan mai tsagaggen murfi:
Baba da gurminsa a zauren Zango,
shekara arba'in ina jin sa,
na san inda tsirkiya ke gardama,
na san inda yake tari.
Amma yau akwai wani abu bayan gurmin,
can dama, nesa, ƙetaren katanga.
Taɓarya.
Ana daka, ana cilla ta sama, ana tafi kafin a cafe.
Mutum ɗaya na sani mai tafi biyu.
Sai dakan ya tsaya,
wata murya, siririya kamar zaren Baba Nomau:
"Ɗanlami, sauko daga dutsen nan!"

Na sauko.
Ban san na miƙe tsaye ba sai da waya ta ja ni.

Barira ta leƙo da fitila.
Na ɗora mata bisa kallabi, na mayar da kaset baya.
Ta buɗe baki za ta yi maganar kuɗi,
sai ta rufe, ta zauna bakin gado.
Shayi ya huce.
Har yanzu ina jira ta ba ni.